Tashar da Ba Ta Zo Ba: Tsofaffin Tashoshin Jirgin Ƙasa da Tarihin Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san tsakiyar ƙasar Katsina zai yi mamaki in ya ji an haɗa sunan Dutsin-Ma da Kurfi da zancen tashar jirgin ƙasa. Ba a taɓa shimfiɗa dogo a ɗaya daga cikin garuruwan nan biyu ba, har ma mutum yana iya tashi a cikinsu ya yi furfura bai taɓa jin kukan jirgi ba. Babbar tashar da ke cikin ƙasar Katsina ita ce ta Funtuwa, tafiyar fiye da kilomita 100 kudu da Dutsin-Ma, ta Kano kuwa nisanta bai kasa haka ba. Amma duk da wannan tazara, muna ganin ba za a fahimci tarihin noma da ciniki da ƙaura na wannan yanki a ƙarni na 20 ba, sai an waiwayi waɗannan tashoshi.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa ikon tashar karkara bai tsaya a bakin dogo ba. Ya kai duk inda jaki ko raƙumi ko mota suka ɗauko kaya dominta. Saboda haka garin da bai sami tasha ba shi ma yana cikin tarihin tasha, sai dai shi ne ya riƙa biyan kuɗin nisa. Za mu fara da hanyoyin da ake bi kafin zuwan dogo, sa'an nan mu dubi dalilan da suka sa layin ya bi inda ya bi, da siffar tashar karkara, da abin da ta haifar a Dutsin-Ma da Kurfi, daga ƙarshe kuma mu dubi yadda tashoshin suka mutu.

2.0 Hanyoyi Kafin Zuwan Dogo

Kafin zuwan Turawa, fuskar cinikin Katsina arewa take kallo. Ayarori suna fitowa daga Tarabulus ta Gat da Agadas su sauke a Birnin Katsina da Kano, Buzaye suna kawo gishirin Bilma su koma da gero da tufafi, fatake kuma suna zuwa Gwanja sayen goro. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 a kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya nuna cewa ƙarfin masarautar ya dogara ne ga garuruwa masu yawa da hanyoyin da suka haɗa su, ba ga birni kaɗai ba.

Kurfi tana cikin irin waɗannan garuruwa. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya bi ta Kurfi a shekarar 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, har ya bayyana irin ganuwar da ta kewaye garin. Abin lura a nan shi ne, a wancan zamani Kurfi a kan babbar hanya take. Wanda zai tafi Sakkwato yana karkatowa kudu don gudun harin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, sai ya ratsa ta wannan yanki. Arzikin gari a lokacin yana ga zangonsa da rijiyoyinsa da ganuwarsa. Ita kuwa Dutsin-Ma daga baya ta bunƙasa, ta zama mazaunin 'Yanɗakan Katsina, kamar yadda Kurfi take mazaunin Maraɗin Katsina.

3.0 Yadda Aka Zana Layin

Turawan Ingila ba su shimfiɗa dogo don haɗa garuruwan Hausa da juna ba. Bukatarsu ita ce a kai amfanin gona bakin teku da araha. Masaƙun Lankasha suna neman auduga, shi ya sa aka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Ingila, watau BCGA, a Manchesta a 1902, ta kuma dage a kan cewa Arewacin Nijeriya zai iya cike musu gurbin audugar Amurka in an sami jirgi. A 1907 aka naɗa Sir Percy Girouard, wanda injiniyan reluwe ne, ya shugabanci Arewa, aka soma shirin layin Baro zuwa Kano mai tsawon mil 356. Dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, a wannan shekara kuma aka haɗe shi da layin Ikko ƙarƙashin hukuma ɗaya.

Ta hannun sarakuna da hakimai aka tara ma'aikatan wannan aiki. Kowane dagaci aka yanka masa yawan mutanen da zai kawo, su yi makonni suna haƙa da ɗaukar ƙasa a ka, sa'an nan a sauya su da wasu. Wannan shi ne Hausawa suka kira aikin diga, har Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya yi waƙa a kansa, wadda aka sani da Waƙar Diga. Da tsabar kuɗin Turawa aka riƙa biyan leburori, wannan kuwa yana cikin hanyoyin da sule da kwabo suka kori wuri daga kasuwanninmu.

Da jirgi ya iso Kano sai lissafin Turawa ya sha bamban da na manoma. Auduga aka yi tsammani, gyaɗa ta fito. Jan Hogendorn ya nuna a bincikensa na 1978 cewa fataken goro na Kano ne suka ja hankalin manoma ga gyaɗa tun daga kakar 1912, domin ta fi riba, tana gyara ƙasa, in kuma an shiga yunwa ana iya cinta. Masaƙan gida ma suna sayen auduga da tsadar da BCGA ba ta iya biya. Sai aka koma neman auduga a inda ƙasa ta fi dacewa da ita, watau arewacin Zazzau da kudancin Katsina da gabashin Sakkwato. Wannan ne ya haifi reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Shika da Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. A 1930 kuma reshen Kano ya isa Nguru ta Ringim da Malam Madori, saboda gyaɗa da fatu. Daga nan tattalin arzikin duniya ya karye, ba a sake shimfiɗa wani dogon layi a Arewa ba sai wanda aka soma a 1958 ya isa Maiduguri a 1964.

In muka ɗora waɗannan layuka a kan taswira za mu ga abin da ya sami Katsina. Layi ɗaya ya wuce ta gabas da ita ya tsaya Kano, ɗaya ya shafi gefenta na kudu ya nufi Gusau. Birnin Katsina da Dutsin-Ma da Kurfi suka zauna a tsakanin rassa biyu, babu wanda ya taɓa su. Ba mamaki kuma da aka cire ƙasar Katsina daga Lardin Kano a 1926 aka haɗa ta da Lardin Zariya, daidai lokacin da ake shirin layin Funtuwa, kafin ta sami lardin kanta a 1934.

4.0 Siffar Tashar Karkara

Ya kamata mu tsaya mu bayyana abin da ake nufi da tashar karkara, domin yawancin ɗalibanmu na yau ba su taɓa ganin ta tana aiki ba. Dogon Nijeriya na wancan zamani layi ɗaya ne, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6. Tun da jirgi biyu ba sa iya wuce juna a kan layi ɗaya, dole a kowane 'yan mil a yi wurin da dogo zai rabu biyu, wani jirgi ya raɓe wani ya wuce. Haka kuma kan jirgi na lokacin da gawayin Inugu da ruwa yake aiki, saboda haka sai an tanadi tanki da rijiya ko madatsa a kan hanya. Waɗannan bukatu biyu su suka kafa yawancin ƙananan tashoshi, irin su Madobi da Dangora tsakanin Kano da Zariya, ko Taura da Gagarawa a kan hanyar Nguru. Sau da yawa a bayan gari ake kafa tashar, ko ma a daji, sai gari ya taso ya same ta.

Ginin kansa ba shi da girma: ofishin shugaban tasha inda wayar tangarahu take, da tagar sayar da tikiti, da rumfar jira, da shagon ajiye kaya, da sikeli. A gefe akwai gidajen ma'aikata da na leburorin gyaran dogo da helumansu. Jirgi ba ya barin tasha sai an buga waya ga ta gaba an tabbatar hanya a buɗe take, an kuma danƙa wa direba shaidar izni. Yawancin akawuna da shugabannin tasha mutanen Kudu ne, domin su suka riga shiga makarantun boko. Su da masu bin su da sana'o'i suka kafa unguwannin Sabon Gari, suka kawo coci da makaranta da ƙungiyar ƙwadago. Yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan reluwe ya yi fice a cikinsa, ta wayar dogo labarinsa ya ratsa har ƙananan tashoshi.

A tashoshin da ake ciniki, gwamnati ta yanka filaye kusa da dogo ta ba kamfanonin Turawa, irin su John Holt da G.B. Ollivant da kamfanonin Faransa, da UAC wadda aka kafa a 1929, tare da Kwarori. Nan ne kanti. A nan ake auna gyaɗa da fatu, a nan kuma ake sayar da akoko da gishiri da kananzir da kwanon sha. In jirgi ya tsaya, mata da yara su kewaye taragu da ƙosai da rake da dafaffen ƙwai da fura. Tashar karkara dai kasuwa ce, gidan waya ce, agogo ce kuma ga mutanen da a da rana da kiran salla kaɗai ke raba musu lokaci.

Funtuwa ita ce babban misali a ƙasar Katsina. Maska ce tsohon gari mai tarihi da masaƙa da marina, amma dogo da hanyar mota ta Funtuwa suka bi. BCGA ta kafa injin gurzar auduga a can, kamfanoni suka buɗe kantuna, aka mai da mazaunin Sarkin Maska Funtuwa. Yau Funtuwa ce gari na biyu a girma a Jihar Katsina, Maska kuwa ta koma ƙarƙashin inuwarta.

5.0 Abin da Tasha Ta Haifar a Dutsin-Ma da Kurfi

Abu na farko shi ne farashi. Dutsin-Ma da Kurfi suna tsakanin ƙasar gyaɗa ta arewa da ƙasar auduga ta kudu, manomansu kuma sun taɓa kowanne, ban da gero da dawa da kiwo. Amma farashin gyaɗa a bakin dogo ake yanka shi. Duk wanda ya saya a nesa da tasha sai ya cire kuɗin dako kafin ya biya manomi. Ko bayan da aka kafa hukumomin ciniki na gyaɗa da auduga a 1949, aka kuma haɗe su a hukumar Jihar Arewa a 1954, farashin gyaɗa a fulotin da ke nesa da dogo yana ƙasa da na bakin dogo. Watau manomi biyu sun yi wahala iri ɗaya, sun cika buhu iri ɗaya, amma na Kurfi ya karɓi abin da bai kai na Madobi ba. Haraji da jangali kuwa da tsabar kuɗi ake biyansu, ba a rage wa kowa don garinsa ya yi nisa da tasha.

Abu na biyu shi ne sana'ar sufuri. Nisan da ya cuci manomi shi ya ciyar da mai jaki. Da kaka ta yi, sai garken jakuna da raƙuman Buzaye su ɗauki hanya da taiki da mangala, su yi kwanaki kafin su kai kanti. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka share hanyoyin mota da suka haɗa Katsina da Kano, da wadda ta tashi daga Funtuwa ta bi ta Bakori da Malumfashi ta haɗu da ta Kano a Yashe. Waɗannan hanyoyi don ciyar da dogo aka yi su. Hanyar da ta bi ta Kurfi da Dutsin-Ma ta gangara Ƙanƙara, da wadda ta haɗa Dutsin-Ma da Kankiya, su ne suka zama igiyar da ta ɗaure yankin da tashoshin biyu. Daga nan aka sami 'yan baranda masu saye a ƙauye su kai fuloti, da 'yan kamasho, da direbobi da yaran mota. Kalmar tasha kanta, wadda Hausa ta ara saboda jirgi, a Dutsin-Ma da Kurfi tashar mota take nufi.

Abu na uku shi ne abinci. Tun da aka raba gona tsakanin hatsi da amfanin sayarwa, rumbu ya rage kauri, shekarar da damina ta gaza sai a dogara ga hatsin da za a sayo daga nesa. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita ya kuma wallafa littafinsa a kan yunwa a ƙasar Hausa a 1983, ya kawo sunayen da talakawa suka laƙaba wa shekarun wahala. Yunwar 1927 ana kiranta 'Yar Buhu, ta 1942 kuma 'Yar Gusau. Sunayen nan biyu suna da alaƙa da zancenmu. Buhu kayan kanti ne, zamanin jirgi ya yawaita shi, a cikinsa hatsin waje ya riƙa isowa. Gusau kuwa gari ne na bakin dogo, inda mutane suka nufa neman abinci. Ashe ko a bakin wanda bai taɓa hawa jirgi ba, tasha ta shiga lissafin shekaru.

Abu na huɗu shi ne tafiyar mutane. Matasan yankin da ke fita cin rani sun riƙa bin hanyar Funtuwa da Gusau da Kano, wasu su yi dako a kanti, wasu su yi aiki a gidan gurza, wasu su hau jirgi zuwa haƙar kuza a Jos ko su gangara Kurmi. Dabbobin da aka saya a kasuwannin yankin, da ƙafa ake kora su zuwa bakin dogo a loda su a tarago zuwa Ibadan da Ikko. Yaran da suka ci jarrabawar shiga manyan makarantu a Zariya da Kaduna, musamman bayan da aka ɗauke Kwalejin Katsina aka mai da ita Kaduna a 1938, da mota suke fara tafiya kafin su ga jirgi. Ta haka yankin da a zamanin Barth yake kan hanyar Sakkwato ya koma gefen hanya, fuskarsa ta juya daga hamada zuwa teku.

6.0 Mutuwar Ƙananan Tashoshi

Dalar gyaɗa ta Kano, wadda ake alfahari da ita, ita ce kuma shaidar farko ta gazawar jirgi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi ƙarancin kawunan jirgi da taragu, gyaɗa ta riƙa taruwa tana jiran a kwashe ta. A 1955 aka mai da reluwe hukuma mai cin gashin kanta, aka kuma soma shigo da kawunan jirgi masu aiki da man dizal. Su ba sa bukatar tsayawa shan ruwa, saboda haka ɗaya daga cikin dalilan kafa ƙaramar tasha ya faɗi. Rikicin 1966 ya sa ƙwararrun ma'aikata 'yan Gabas da yawa suka bar tashoshin Arewa, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma ya rufe hanyar Fatakwal. Alƙaluman hukumar sun nuna cewa a 1964 jirgi ya ɗauki fasinja wajen miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3, amma a 1974 fasinja sun koma wajen miliyan 4, kaya kuma kimanin tan miliyan 1.

Sa'an nan abin da ake ɗauka shi ma ya ƙare. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka karya nomanta, kuɗin man fetur ya sa gwamnati ta mai da hankali ga titunan kwalta, manyan motoci suka riƙa ɗaukar kaya daga ƙofar gona zuwa ƙofar masana'anta. An ɗauko masana daga Indiya sun riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan farfaɗo, suka sake komawa. A 1986 aka rushe hukumomin ciniki, fuloti ya watse. Tashar da babu kaya babu fasinja, sai jemagu da awaki.

Wani abin lura shi ne, zamanin mota ya rage wa Dutsin-Ma da Kurfi kuɗin nisan da suka daɗe suna biya. Abubuwan da suka ɗaga Dutsin-Ma daga baya, watau zamanta hedkwatar ƙaramar hukuma a 1976, da madatsar ruwa ta Zobe, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, babu wanda ya jira jirgi. Amma masana'antu ba su zo ba. Injin gurza da masaƙa da matatar mai suna inda dogo ya ajiye su tun farko.

7.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa tarihin tashar karkara ya haɗa da tarihin garuruwan da suka ciyar da ita daga nesa. Wannan magana ba ta tsufa ba. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi, wanda bisa tsarinsa zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Birnin Katsina zai sami abin da ya rasa tun 1911, amma Dutsin-Ma da Kurfi za su sake zama a gefe, ko da yake tazarar ta ragu ƙwarai. Tarihin Funtuwa da Maska ya koya mana cewa inda aka ajiye tasha da inda aka bi da hanyar da za ta ciyar da ita, su ke yanke wa garuruwa rabonsu na shekaru masu yawa. Ya kamata masu tsara hanyoyin jiha su yi wannan lissafi tun yanzu.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu mu malamai. Francis Jaekel ya rubuta tarihin reluwen Nijeriya cikin juzu'i uku a 1997, amma tarihin injuna da gadoji da ma'aikata ne. Na mai jaki da ɗan baranda da mai tallan ƙosai yana nan a bakin dattawa, waɗanda suka ga zamanin fuloti kuwa kullum raguwa suke yi. Fayilolin Lardin Katsina suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, suna jiran mai karantawa. Muna ba da shawara ga sassan tarihi da na Hausa a kwalejojinmu su tura ɗalibai su ɗauki bayanin waɗannan dattawa, su bi tsofaffin hanyoyin jakuna su rubuta zangunansu, su kuma auna gine-ginen tashoshin da suka rage tsakanin Zariya da Ƙauran Namoda su ɗauki hotunansu. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina kuma ta nemi a sa tashar Funtuwa cikin wuraren tarihi da doka ta kare, tun kwanon rufinta da sikelinta ba su bi 'yan gwangwan ba.